Wa Aka Ba Rawa? Kundayen Wasan Almarar Kimiyya a Ma'aunin Mutumin Adar

A shekarar 1993 kamfanin Palladium Books na Amurka ya fitar da kundi na huɗu cikin jerin kundayen da ke bayyana duniyar wasansa mai suna Rifts. Kevin Siembieda ne ya rubuta shi, nahiyar Afirka kuma ita ce abin da ya ƙunsa. Irin wannan littafi ba a karanta shi daga bango zuwa bango a ajiye kamar Ruwan Bagaja. Kayan aiki ne. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, ɗaya ya zama jagora mai bayyana wuri da abin da ke faruwa, sauran kuma kowa ya ɗauki wani mutum ƙagagge ya shiga rigarsa, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. In aka zo inda ba a san ko abu zai yiwu ba, tsallake rami ne ko shawo kan mai gadi, sai a jefa ƙwaya mai lamba irin ta ludo, abin da ya fito ya raba gardama. Wannan salon wasa ya soma ne da Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson a 1974, a 1977 kuma Marc Miller ya kai shi sararin samaniya da wasan Traveller. Kundin da ake saye daga baya shi ke ba jagora taswira, da tarihin ƙasashe, da ire-iren mutanen da ɗan wasa zai iya zama, da lambobin ƙarfinsu da rauninsu. Gona ce da aka yi wa huɗa aka bar wa wasu shuka.

Abin da nake son kafawa shi ne, sharhin da aka yi wa irin waɗannan kundaye, musamman waɗanda suka taɓo Afirka, ya daɗe yana kewaye tambayar da ta fi damun wanda aka rubuta ƙasarsa a ciki. An tambayi ko littafin yana da amfani ga mai saye. Daga baya an tambayi ko hotunansa na cin mutunci. Ba a cika tambayar wa aka ba ikon aikatawa ba, da kuma wane irin aiki ne dokokin wasan suka yarda ya isa a kira shi jarumta. Ni kuwa daga Adar nake kallon lamarin, daga ƙasar Buza da Keita da Madawa, kuma ina ganin wannan yanki yana da abin da zai koya wa masu sharhin.

A shekarun 1980 da 1990 mujallu ne ke yanke wa kundi hukunci: Dragon, da White Wolf, da Challenge, da Pyramid a Amurka, da Casus Belli a Faransa. Mai sharhi a lokacin mashawarcin mai saye ne. Yana duba ko shafukan sun ci kuɗinsu, ko zane ya yi kyau, ko sababbin makamai za su rinjayi tsofaffi su ɓata daidaiton wasa, ko jagora zai samu dabarun da zai shirya zama goma da su. Wannan aiki ne na gaskiya, kuma ban raina shi ba. Illarsa ɗaya ce: marubuci da mai sharhi da mai karatu duk daga unguwa ɗaya suke. Mutumin da aka zana a shafi ba ya cikin zancen.

Mu koma ga kundin Rifts. Duniyar wasan ta ginu ne a kan cewa wata gagarumar masifa ta rushe wayewar ɗan Adam, ƙofofin wasu duniyoyi suka buɗe, sihiri da na'ura suka cakuɗe. A Amurka ta Arewa an samu daula mai sojoji da masana'antu. Kundin da ya biyo baya a 1994, Triax and the NGR, ya ba Jamus ƙasa mai ƙera mutum-mutumin yaƙi da sulke mai inji. Afirka fa? An ba ta mahaya huɗu na ƙarshen duniya da ke ratsa nahiyar suna neman haɗuwa, da daular wani Fir'auna mai suna Rama-Set a Masar. Rawar da aka ware wa ɗan ƙasa su ne boka, da maye, da mai roƙon ruwa, da maharbin daji. Shahararrun jaruman wasan kuwa daga ƙetare suke tahowa don ceton nahiyar. Masu sharhi na baya-bayan nan sun soki littafin a kan ya dunƙule nahiya guda ya mai da ita ƙauye ɗaya, kuma sun yi gaskiya. Amma ko da an gyara kowane zane, an sa wa kowace al'umma sunanta na ainihi, rabon aikin yana nan yadda yake. Bajamushe injiniya ne, ɗan Afirka mai tsafi.

Sabon salon sharhi ya yi ƙarfi sosai daga 2020, shekarar da kamfanin Wizards of the Coast ya fara manna wa tsofaffin littattafansa gargaɗin cewa suna ɗauke da ra'ayoyin wariya na zamaninsu. A 2022 kamfanin ya fitar da Spelljammer: Adventures in Space, a ciki har da wasu halittu masu kama da birai, Hadozee, waɗanda aka ce wani matsafi ya kama su ya ƙara musu basira don ya sayar da su bayi. Masu karatu suka ga inuwar cinikin bayi da tsohon zagin da ake yi wa baƙar fata, suka yi ca. Cikin 'yan makonni kamfanin ya nemi afuwa, ya cire sassan, daga baya kuma ya yi alkawarin riƙa bai wa masana al'adu littattafansa su duba kafin bugawa. Na yi murna da hakan. Sai dai a lura da irin maganin: an goge sakin layi. Sharhin da za a iya gamsar da shi da goge sakin layi bai kai ga ƙashin bayan littafi ba.

Kundin Feral Cities na wasan Shadowrun, wanda Catalyst Game Labs ya buga a 2008, ya nuna iyakar wannan ma'auni. An yi bincike a kan Legas fiye da yadda aka saba, akwai sunayen unguwanni da ƙabilu da ƙungiyoyi. Duk da haka an haɗa birnin da Chicago a ƙarƙashin taken biranen da suka koma daji, kuma yadda aka tsara wasan, galibi baƙo ne ke sauka da kwangila, ya yi aikinsa cikin haɗari, ya karɓi kuɗinsa ya tashi. A wannan duniyar dai, wata ƙasa mai suna Asamando a yankin Gana ta masu cin naman mutane ce. Bayani ya ƙaru, mazaunin mai kallo bai gusa ba.

A nan ne nake ganin dole mai sharhi ya bar hoto ya shiga lissafi, domin a lissafi kundi ke faɗin abin da ya yi imani da shi. Wasan Traveller yana taƙaita kowace duniya da jerin haruffa da lambobi: ingancin tashar jiragenta, girmanta, iskarta, yawan ruwanta, yawan jama'arta, irin mulkinta, tsananin dokarta, sai kuma matakin fasaharta. Wannan na ƙarshe tsani ne guda ɗaya, daga zamanin dutse a ƙasa har zuwa jiragen da ke tsallaka taurari a sama. Wasanni da yawa, irin su GURPS, suna da tsani makamancinsa. Dabara ce mai sauƙaƙa wa jagora aiki, amma tana ɗauke da wani hukunci a ɓoye, cewa ilimi hanya ɗaya yake bi, kuma ana gane nisan al'umma ne da irin bindiga da injin da take ƙerawa.

To a ɗora kwarin Keita a kan wannan tsani. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, tuddan Adar sun zama fako, ruwan sama in ya sauka sai ya kwashe ƙasa ya yi gaba, ya haƙa kwazazzabai. A 1984 aka soma aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, da haɗin gwiwar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da shirin abinci na duniya. An yi jerin duwatsu da ganuwar ƙasa masu bin kwanciyar tudu, an haƙa ramuka a gangare don tare ruwa, an ɗaure tulin rairayi, an gina madatsu a cikin ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu wannan aiki mata ne, saboda maza sun tafi ci-rani, kuma da abinci ake biyansu. Tun kafin nan, a 1975, an fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin yankin Buza, da taimakon ƙungiyar CARE, don karya ƙarfin iskar da ke binne shuka. A wajen Illela da Badagishiri kuma manoma suka rungumi tassa, ramin da ake haƙawa a fako a zuba taki, gara ta buɗe ƙasa, ruwa ya tsaya, gero ya fito inda aka yanke ƙauna.

Marubutan almarar kimiyya sun shafe shekaru suna mafarkin yadda za a mai da busasshiyar duniya irin Mirrihi wurin zama. Frank Herbert ya gina Dune, wanda ya fito a 1965, a kan wannan buri, bayan ya ga yadda ake ɗaure rairayi a gaɓar Oregon. A Adar an yi abin a zahiri, da kwando da diga da shebur. Amma a tsanin Traveller, ƙauyen da ya yi wannan aiki zai zauna can ƙasa, tunda bai ƙera inji ba. Dokokin waɗannan wasanni kan cika shafuka da yadda harsashi ke huda sulke, nisa da kusurwa da nau'in ƙarfe. Da wuya ka samu shafi guda a kan yadda za a shawo kan ƙauyuka uku su yarda da inda za a kafa madatsa, alhali wanda ke sama zai samu ruwa, na ƙasa ya ji tsoron rasawa. Wannan kuwa rikici ne mai ɗauke da duk abin da wasa ke bukata: lokaci na ƙurewa kafin damina, akwai mai gari da makiyayi da ma'aikacin gandun daji da shugabar mata, kowa da gaskiyarsa, kuma kuskure ɗaya na iya jawo yunwa. Abin da dokoki ba su ba lamba ba, 'yan wasa ba za su yi shi a tebur ba. Shi ya sa nake cewa a jadawalin ƙwarewa ake gane ko kundi ya ɗauki mutane da daraja, tun kafin a kai ga zanen bango.

Akwai inda aka kusanto. Mike Pondsmith, baƙar fata ɗan Amurka da ya ƙirƙiri Cyberpunk a 1988, ya sa tashar harba kaya zuwa samaniya a kan dutsen Kilimanjaro, ya kuma sa da yawan ma'aikatan da ke gini a falaki su zama 'yan Afirka. A bugun Cyberpunk Red na 2020 an nuna waɗannan ma'aikata sun ɓalle sun tsaya da ƙafarsu. Mutumin Tawa zai gane wannan labari ba tare da an fassara masa ba. Ya san hanyar da ta tashi daga garinsa zuwa Arlit, inda aka soma haƙar yuraniyom a 1971 don tashoshin lantarkin wata ƙasa, ya kuma san ɗan'uwansa da ke Abijan ko Libiya yana aiko da kuɗin cefane. Lebura a samaniya rawa ce da ta fi ta boka nesa ba kusa ba, domin tana da albashi, da ubangida, da yiwuwar yajin aiki. Ita ma dai wani ne ya tsara ta daga nesa.

Sharhi mafi zurfi da na sani a kan wannan batu ba a mujallar wasa ya fito ba, kuma ya girmi wasan tebur ɗin kansa da shekara takwas. Fim ne na Mustafa Alasan, Le Retour d'un aventurier, na 1966. Alasan, wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe yana aiki a Tawa kafin rasuwarsa a 2015, ya nuna wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi, kowa ya ɗauki sabon suna na Turawa, suka hau dawaki. Daga nan abin ya fi ƙarfinsu. Kayan sun zo da dokokinsu: kaboyi dole ya sha giya, ya yi faɗa, ya yi fashi, ya harbi wani. Gari ya rikice, har jini ya zuba. Akwatin nan kundi ne cikakke, da rawa da suna da kayan aiki da abin da ake ɗauka nasara. Alasan bai ce kwaikwayo haramun ba ne, shi da kansa yana son finafinan kaboyi, kuma ana ganin daɗin da ya ji wajen ɗaukar sukuwar dawakin. Abin da ya nuna shi ne rawa tana jan mai taka ta zuwa inda aka gina ta ta je. Yadda jama'a suka karɓi fim ɗin ma darasi ne. Zalika Sule, wadda ta fito a ciki, ta sha tsangwama a rayuwarta saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a fim ɗinta Al'lèèssi. Duk mai son kawo wasan shiga rigar wani a ƙasar Hausa ya kamata ya riƙe wannan.

Ba kuma baƙon abu ba ne a wurinmu. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke naɗa junansu sarki da hakimai da manyan ma'aikata, su yi kayan sarauta da kara, su taka rawar masu mulki a gaban jama'a. A fadar Kano akwai wasan gauta, wanda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Ga tashe a watan azumi, ga kalankuwa bayan girbi. Janet Beik ta yi nazarin wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a littafinta na 1987, ta nuna yadda 'yan wasa ke tsara ƙashin labari tare, sannan kowa ya ƙago maganarsa a kan dandali ba tare da rubutaccen zance ba. Wannan shi ne ainihin abin da ake yi a teburin wasa. Bambancin da ke tsakani shi ne, a wasan kara ɗan talaka ne ke zama sarki, wato al'adar tana ba ɗan wasa rawar da ta fi matsayinsa, ta ba shi damar duba mulki daga ciki. Kundayen da muka ambata suna ba shi wadda ta gaza matsayinsa.

Ta fuskar almarar kimiyya ma muna da tushe, ko da yake siriri ne. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙon da ya zo daga samaniya ya tafi da shi yawon falaki. Dembo ne kuma ya rubuta Wasannin Yara. Ana ambaton littafin a tarihin ƙagaggun labaran Hausa, amma ina ganin mun fi ɗaukarsa abin karatun 'yan makaranta, ba mu tsaya mun yi muhawara da shi a matsayin mafarin wani reshe na adabi ba. Reshen bai yi rassa ba, yayin da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa daga shekarun 1980. Marubuciyar da ta sa Nijar a shekarar 2070 ita ce Nnedi Okorafor, a The Shadow Speaker na 2007, da Turanci. Rashin masu sharhi na cikin gida yana da hannu a wannan giɓi, domin littafin da ba a yi gardama a kansa ba da wuya ya haifi na biyu.

Wasu al'ummomi sun riga sun gwada. Connor Alexander, ɗan ƙabilar Cherokee, ya tara sama da dala miliyan ɗaya daga hannun jama'a a 2021 don buga Coyote & Crow, wasan da ke hasashen nahiyar Amurka ta gaba wadda Turawa ba su taɓa mamayewa ba, kuma 'yan asalin ƙasar ne suka yi yawancin rubutun. In wani ɗan Adar ya tashi yin irin wannan, ba zai rasa madogara ba. A 1975 Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, da yadda Agabba ɗan sarkin Agadas ya ci ƙasar a 1674, da zaman Lisawan da Kel Geres da Hausawa manoma. Nicole Echard ta yi dogon nazari a kan manoman Adar da maƙera da kuma bori. A nan ne zai fi bukatar taka-tsantsan. Abu mafi sauƙi, wanda kasuwar waje za ta fi so, shi ne a jera iskoki a jadawali a ba kowanne lambar ƙarfi. Yin haka komawa ne ga rabon aikin 1993 da hannunmu, ga kuma taɓa abin da wasu ke girmamawa, wasu ke ƙyama, babu wanda ke ɗaukarsa abin wasa.

Sai batun ƙwayar da ake jefawa. A Amurka, a shekarun 1980, iyaye da wasu majami'u sun tayar da ƙura cewa Dungeons & Dragons na koyar da tsafi, har Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983. A wurinmu tuhumar za ta zo ta wata ƙofa. Ƙwaya mai lamba tana tuna wa mutane caca, kuma malaman fiƙihu suna da tsattsauran hukunci a kan wasan nardu. Masu sharhi na farko da kundin Hausa zai fuskanta su ne liman da uba da shugaban makaranta, kafin wani malamin jami'a ya buɗe shi. Bai kamata a ɗauki damuwarsu jahilci ba. Tambayar ko sa'a ce za ta yanke makomar mutum ko dabararsa tambaya ce ta tsarin wasa, kuma an amsa ta ta hanyoyi da dama. Erick Wujcik ya fitar da Amber a 1991 ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba, ana raba gardama da gwada matsayin 'yan wasa da kuma hujjar da kowa ya kawo. Mu kuma muna da dara, wadda dattawan Madawa da Buza ke yi a ramukan ƙasa da tsinke da tsakuwa, kowane ɓangare da 'ya'ya goma sha biyu, kuma babu sa'a a cikinta ko kaɗan. Mai tsara wasa zai iya ɗauko wannan dabara ta jera uku a ci ɗaya ya gina hanyar warware rikici a kanta, yadda shawo kan mai gari ko tare ƙorama kafin saukar ruwan farko zai rataya a kan hangen ɗan wasa da haƙurinsa.